Gonar Gara da Fataucin Agege

Duk wanda ya bi tarihin zaman Hausawa a Ikko zai ga da wuya a sami abin ci, mai tsirowa a ƙasa ko mai tafiya da ƙafa huɗu, da ba su mayar da shi haja ba. Goro ne ya raya Zangon Agege, shanu suka riƙe mayankar Oko-Oba, tumatur da tattasai da albasa suka cika kasuwar Mil 12, a Sabo ta Yaba da Idi-Araba da Obalende kuwa ga masu tsire da kilishi, ga 'yan canji, ga 'yan koli. Kowace haja da dillalanta da fatomominta da shugabanninta, har da kalmomin da sai ɗan hannu ke gane su. Amma akwai wani abu da dajin Kurmi ke fitarwa duk damina, Yarbawa na rububinsa, matan ƙauye na kasa shi a bakin titi ana saye da daraja, wanda a cikin shekara sama da ɗari bai sami layi a kasuwar Bahaushe ba. Shi ne naman kazan da ke fitowa daga gidan gara, wanda masana suka raɗa wa Termitomyces. Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce Bahaushe na ƙyamarsa. Ni a ganina dalilin ya fi haka zurfi: sanin wannan abinci sani ne da ke ɗaure da wuri guda, da suri guda, da damina guda, saboda haka bai iya bin ayari ba. Tarihin yadda masana kimiyya suka yi ta faɗi-tashi kafin su ba shi suna shi ma wannan gaskiyar yake nunawa.

A fara da goro, domin shi ne ma'aunin da zai fito da bambancin. Hausawa sun daɗe a Ikko tun kafin jirgin ƙasa. A 1863 John Glover ya kafa rundunarsa da Hausawan da ke garin, yawancinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta. Sai dai zaman fatauci na sosai ya zo ne da layin dogo, wanda aka fara shimfiɗawa daga Ikko a 1896, ya kai Badun a 1901, ya haɗu da Kano a 1912. Kafin nan goron Gwanja ta teku yake shigowa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka ci moriyar wannan hanya. Da manoman Agege da Ota da ƙasar Egba suka rungumi shuka irin goron da Arewa ke so, musamman daga shekarun 1920 lokacin da koko ya fara gazawa a yankin, sai fatake suka daina tsallaka teku, suka sauke kaya a Agege. Abin lura shi ne ba da kuɗi kaɗai suka zo ba. Sun zo da ilimin da kakanninsu suka tara a hanyar Gwanja: yadda ake ware goriya da marsa da minu, yadda ake gane daushe, yadda ake ɗaure huhu da ganye, yadda ake buɗe shi lokaci-lokaci a tsince wanda ƙwaro ya taɓa. Wannan ilimi a jikin ƙwayar goron yake. Goron da aka tsinka a Asante da wanda aka tsinka a Shagamu ido ɗaya ke tantance su, kuma in an kula da shi yana yin watanni bai lalace ba. Hajar da ke jure tafiya, wadda kuma saninta ke tafiya tare da ita, ita ce ke kafa zango.

Naman kazan suri ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan halaye, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da muke gani a sama, mai hula da kara, 'ya'ya ne kawai. Ainihin halittar wata fumfuna ce da gara ke nomawa a cikin gidanta. Ma'aikatan gara suna ɗebo busasshiyar ciyawa da kara da itace, su tauna, su haɗiye, su fitar da shi bai gama narkewa ba, su gina wani abu mai ramuka kamar soso a ɗakunan cikin suri. A kan wannan ginin fumfunar ke yaɗuwa, tana farfasa taurin itacen da cikin gara ba zai iya narkarwa ba, tana kuma fitar da wasu fararen ƙwayoyi ƙanana da garar ke ci. In ginin ya tsufa, shi ma ta cinye shi daga ƙasa tana ƙara sabo daga sama. A cikin surin zago zafi na tsayawa wajen digiri 30, rani da damina, ga laima da ba ta yankewa. Garar da ke irin wannan noma nau'i wajen 330 ce, duk a Afirka da Asiya, kuma binciken ƙwayoyin gado da Duur Aanen da abokan aikinsa suka buga a 2002 ya nuna sau ɗaya tak aka ƙulla wannan zama, kuma tun daga nan ba garar da ta koma rayuwa ba tare da fumfunar ba, ba kuma fumfunar da ta koma daji ita kaɗai. An ƙiyasta farkonsa da shekara miliyan 30, a dazuzzukan Afirka, an kuma tono burbushin irin wannan gona mai shekara miliyan 25 a yankin Rukwa na Tanzaniya. Idan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, sai fumfunar ta miƙo wata doguwar jijiya daga ɗakin da take, ta huda ƙasa da wani ƙullutu mai tauri da ke tsakiyar hularta, ta buɗe a sarari. Kwana ɗaya ko biyu ne ke tsakanin buɗewarta da shigar tsutsa. Har yau ba a kai ga noma ta a gona don kasuwa ba, domin tana da manominta tun asali. Wanda zai same ta dole ya san surin, ya san makon da take fitowa, ya riga kowa sammako.

Turawan da suka so rubuta ta a littafi sun sha wahala ne saboda sun raba ta da wannan wuri nata. Henry Smeathman, wanda ya zauna a gaɓar Saliyo a shekarun 1770, ya fasa suri ya ga fumfunar da fararen ƙwayoyin, ya kuma yarda cewa mai yiwuwa abincin 'ya'yan gara ne. Ya buga bayaninsa a Landan a 1781, kuma shi ya ba wa zagon da ke gina dogayen surin nan na dajinmu sunan da ya zama Macrotermes bellicosus. Amma masu rarrabe fumfuna na ƙarni na 19 ba a bakin suri suke aiki ba. Busassun samfura ake aiko musu a cikin takarda, sau da yawa an gutsure jijiyar, su kuwa su auna su da ma'aunin da Elias Fries ya shimfiɗa tun 1821 don dazuzzukan Turai: launin ƙurar iri, yadda saƙar ƙarƙashin hula ke haɗuwa da kara, da ko akwai zobe ko babu. Wannan naman kaza ya ƙi zama a kowane aji. Ƙurar irinsa mai ruwan hoda ce, sai a kai shi wani gida. Wani nau'insa na da zobe, sai a mayar da shi wani. M. J. Berkeley ya rubuta na tsibirin Silon a 1847 da suna Agaricus eurrhizus. Tom Petch, wanda ya yi aiki a Silon ɗin kuma ya tona suri da hannunsa, ya kira shi Volvaria a 1906, daga baya ya mayar da shi Collybia. Maurice Beeli na Beljiyam, da samfuran Kwango suka iso masa, ya sa su a Schulzeria a 1927 da 1938. 'Yan gida ɗaya suka warwatsu a gidaje biyar ko shida. Sai a 1942 Roger Heim na gidan adana tarihin halittu na Paris, bayan ya zo Gini da Kodebuwa ya bi jijiyar da kansa har ɗakin gara, ya tattara su a jinsi guda ya kira shi Termitomyces, wato fumfunar gara. Daga Smeathman zuwa Heim shekara 161 ke nan. Abin da ya warware rikicin kuwa tambaya ce da kowace mai tsintar naman kaza a ƙauye take farawa da ita: a ina ya fito?

Yau matsayinsa a tsarin halittu a bayyane yake. Ba tsiro ba ne. Tun 1969 Robert Whittaker ya ware dangin fumfuna a masarautarsu daban, domin ba sa haɗa abinci da hasken rana. A cikin wannan masarauta yana ɓangaren Basidiomycota, rukunin Agaricales, dangin Lyophyllaceae, jinsin Termitomyces, mai nau'o'i 'yan gomiya da aka ba suna. Cikinsu har da Termitomyces titanicus na Zambiya, wanda faɗin hularsa kan kusanci mita guda, kuma duk da girmansa da yadda ake sayar da shi a bakin hanya, sai a 1980 David Pegler da Graham Piearce suka shigar da shi littafi.

A Najeriya, masanan jami'o'in Kudu ne suka ɗinke tsakanin wannan tsari da sanin mutanen ƙasa. S. O. Alasoadura ya yi rubutu a 1966 kan fumfunar gidajen gara, M. H. Zoberi na Jami'ar Ife ya fitar da littafinsa a 1972, sannan B. A. Oso na Jami'ar Badun ya buga nazarinsa kan Yarbawa da naman kaza a 1975. Oso ya tarar Yarbawa sun riga sun rarrabe: babban nan mai faɗin hula, Termitomyces robustus, shi ne ewe, mai tsinin kai, Termitomyces clypeatus, shi ne takele, ƙananan farare da ke fitowa ɗaruruwa a kan tarkacen da gara ta watso waje, Termitomyces microcarpus, su ne olu oran. Kowanne da lokacinsa, da labarinsa, da amfaninsa a magani. Bahaushe na gari kuwa kashi biyu ya fi sani, naman kaza da ake ci da laimar kwaɗi da ake gudu. Kada a ɗauki wannan a matsayin gazawar basira, domin mutumin da ya ware wa goro da doki da gero sunaye barkatai ba rarrabewa ce ke ba shi wuya ba. Ƙasar ce ta bambanta. Ruwan da ke sauka a Ikko ya kusa ninka na Kano, ga shi yana ɗaukar wata bakwai, na Kano kuwa huɗu zuwa biyar. Akwai kuma wani dalili da ya fito daga binciken da aka yi a Mokwa, wanda R. A. Johnson da abokan aikinsa suka buga a 1981. A wajen yawancin gara, shingen da ya tashi ya kafa sabon gida ba ya ɗauke da irin fumfuna. Ma'aikatan farko ne ke tsinto ƙurar irin a waje, shi ya sa dole fumfunar ta riƙa fitar da laima tana watsa iri. Amma a wajen Macrotermes bellicosus namijin shinge ne ke tafiya da irin a cikinsa, a wajen ƙaramar garar Microtermes kuwa macen ce. Fumfunar waɗannan ba ta da buƙatar fitowa sarari, kuma ba a cika ganin ta fito ba. Wato surin da ya fi tsayi, ya fi ɗaukar ido a dajin Arewa, yana cikin masu rowar naman kaza. Ana samu a wurin wasu nau'o'in gara, mutanen karkara da makiyaya sun san inda yake, amma bai yi yawan da zai zama sana'a ba. Bafataken da ya sauka a Agege bai zo da sanin da ya wuce na dajin garinsu ba, shi ma in ya taɓa yi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mai ja zai ce duk wannan kewaye-kewaye ne, gaskiyar magana Bahaushe yana ganin abin ƙazanta ne, yana kuma tsoron suri domin matattarar macizai ce da iskoki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ban raina shi ba. Mutumin birni da yawa ba zai sa shi a baki ba ko an biya shi. Sai dai ƙyamar ba ta isa ta zama tushe ba. Daga wannan surin ne shinge ke tashi a farkon damina, yara su tara shi a gindin fitila, a soya a ci ba wanda ya ɗaga gira. Harshen da ya kira abu naman kaza harshen waɗanda suka ɗanɗana ne suka yaba. Addini ma bai hana ba: abin da ƙasa ta fitar halal ne in ba ya cutarwa ko sa maye, kuma a Bukhari da Muslim akwai hadisin da ya yabi kam'a, wata 'yar uwar naman kaza da ke girma a cikin yashin sahara bayan ruwan sama. Daɗin daɗawa, fatauci bai taɓa jiran sha'awar bafatake ba. Hausawa sun yi cinikin kayan da ba su cikin cimarsu ta yau da kullum muddin akwai mai saye kuma kayan na jure hanya. Da naman kazan suri na ɗauruwa a huhu ya yi wata uku, da tuni yana da shugaba a Mil 12. Ƙyamar ta fi kama da 'yar rashin sabo: abin da ba ka tashi kana ganin uwarka na tsinkowa ba, ka kuma ji yana da ɗan uwa mai dafi, hankali ne ka nisance shi.

Wani kuma zai ce, to in haka ne sunan Latin me zai ƙara wa mai shago a Sabo? Tsohuwar da ke kasa ewe a hanyar Abekuta ba ta taɓa jin sunan Heim ba, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Haka ne, amma ita a dajinta take. Sanin nata ya tsaya ne a kan surin da ta gada, kuma ba zai yi wa ɗan Agege da aka haifa a gidan haya amfani ba, balle wanda ya zo jiya daga Maraɗi. Baƙo shi ne ke cikin haɗari, domin yana auna abin da ya gani da kamannin abin da ya sani a wani wuri. A filayen ciyawa na Ikko, har cikin harabar makarantu, akwai wata farar laima babba mai zobe da ɓawo-ɓawo a ka, Chlorophyllum molybdites, mai kyan gani ƙwarai, wadda ke sa amai da gudawa mai tsanani cikin 'yan sa'o'i. Gwaje-gwajen da ake yaɗawa, wai in ƙwari na ci to mutum ma zai ci, ko wai dahuwa na kashe dafi, ba abin dogaro ba ne. Abin da rarrabewar masana ta bayar shi ne alamomin da ba su canzawa daga gari zuwa gari. A yanke hular a kife ta a kan farar takarda ta kwana: ƙurar Chlorophyllum kore-kore ce, ta Termitomyces mai ruwan hoda. A tona gindin: na suri, in ban da ƙananan nan na olu oran, yana da jijiyar da ke nutsewa har gidan gara, wancan kuwa gindinsa a saman ƙasa ya tsaya. A kuma san cewa fitowa a kan suri kaɗai ba shaida ba ce, domin Podaxis pistillaris, mai kama da sandar ganga da ke cika da baƙar ƙura in ya bushe, shi ma yana hawa surin wasu garar, kuma ba danginsu ɗaya ba. Waɗannan alamu ba su maye gurbin wanda ya sani ba, kada kuma kowa ya ci abu don ya karanta siffarsa a mujalla. Amma su ne kaɗai ɓangaren wannan ilimi da ke iya shiga mota daga Zariya ya sauka a Agege bai canza ba.

Za a iya cewa zamani ya riga ya raba gardama, tunda yanzu ana noman naman kaza a Ikko, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, a gefen titin Agege, tana koyar da shi, manyan kantuna kuma na sayarwa a leda. Wannan gaskiya ne, sai dai abin da ake nomawa a kan dussar katako yawanci jinsin Pleurotus ne, mai cin mataccen itace ba tare da gara ba. Shi haja ne irin wadda bafatake ya saba da ita, ana iya shuka shi, a busar, a auna, kuma ba mamaki matasan Hausawa su shige shi kamar yadda suka shige noman rani. Samuwarsa ba ta ce komai ba game da na suri, illa ma ta ƙara rikita suna, domin yanzu kalma ɗaya ce ke ɗauke da halittun da ba su haɗa dangi ba.

Ba na cewa littafin masana ya kammala. Rolf Singer ya cire ƙaramin nan microcarpus daga jinsin ya kai shi Podabrella saboda ba shi da jijiya, sai da binciken ƙwayoyin gado ya dawo da shi gida a farkon wannan ƙarni. Wannan binciken ya kuma nuna akwai zuriyoyin Termitomyces da yawa a cikin suri waɗanda ba su dace da kowane suna da aka rubuta ba, saboda an gina sunayen a kan laima, su kuwa ba su cika fitar da ita ba. Irin waɗannan a yankin dajin da ba shi da duhuwa suke da yawa, wato ƙasarmu. Nan ne gibin ya fi damuna. Oso ya zauna da tsofaffin Yarbawa a lokacin da dajin ke nan, ya ɗaura kowane suna a kan samfurinsa. Irin wannan aiki ne ya kamata a yi wa Hausa, kuma lokacinsa na ƙurewa: gonakin goron da suka jawo fatake Agege sun koma gidaje, a Arewa kuma tarakta na baje suri, maganin ƙwari na bin sauran. Sunayen da mutanen karkarar Zazzau da Katsina da Gobir ke kiran nau'o'in da suke ci suna bakin tsofaffin mata da makiyaya, kuma suna da ba a haɗa shi da samfur ba, ba ya gaya wa na nesa komai. Aikin na damina ne: a bi mai sani zuwa surinsa, a tono naman kazan da jijiyarsa, a kamo garar da ke ƙasa, a rubuta sunan da ya faɗa da ƙauyen da watan, a busar a ajiye a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maraɗi. Jikokin fataken da ke karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Legas ta Akoka, wadda ba ta da nisa da Sabo, suna da Hausa da Yarbanci a baki ɗaya, kuma su ne suka fi kowa dacewa su jera sunan ƙauyen kakanninsu kusa da ewe da takele su ga waɗanne ne abu guda.